Zalika a Bangon Gidanmu

Ni na kawo shawarar, saboda haka duk abin da ya biyo baya ni ya kamata a fara tuhuma. A wani zaman ƙungiyarmu na ce mun gaji da karanta wa junanmu rubutu mu goma sha biyu, kowa ya yaba wa kowa a watse. Mu fita mu nuna wa unguwa fim. Muka aro na'urar haska hoto wajen wani malaminmu, muka ɗaure farin zanin gado a bangon tsakar gidanmu a Banifandou, aka baza tabarmi. Samarin fadar ƙofar gida suka shigo da bencinsu da butar shayinsu, matan maƙwabta suka zo da goyo, yara kuwa ba a gayyace su ba amma su suka cika sahun gaba. Abin da muka nuna shi ne Al'lèèssi... une actrice africaine, fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a 2004 a kan rayuwar Zalika Souley.

Akwai abin da ban faɗa wa ƴan ƙungiya ba. Ƙanwata tana cikin ƴan wasan kwaikwayo na lisensu, kuma tun bara ake ja-in-ja a gida a kan ta ci gaba ko ta bari. Gwaggonmu, wadda maganarta ta fi ta kowa nauyi a gidan tun rasuwar Baba, ba ta so. Ni kuma da wayona na ce bari in kawo mata tarihi har tsakar gida, ta gani da idonta cewa ƴar Nijar ta yi wanga aiki tun kafin a haifi uwarmu, har duniya ta san da ita. Tsuntsun da ya ja ruwa, in ji Hausawa, shi ruwa kan doka.

Ga wanda bai san ta ba, kuma na lura yawancin tsararmu ba su san ta ba: an haifi Zalika Souley a 1947, ta rasu a nan Yamai a watan Yuli na 2021. Ba ta cika shekara 20 ba ta fito a Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu. Ita ce mace guda a cikin gungun, ana kiranta Reine Christine. Daga nan ta yi aiki da Oumarou Ganda a Cabascabo, da Le Wazzou polygame, da Saïtane, da L'Exilé. Ta sake aiki da Alassane a FVVA. Ta fito a Aube noire na Djingarey Maïga. Le Wazzou polygame shi ne fim na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, Étalon de Yennenga, a 1972. Wato lokacin da aka fara raba wannan doki na zinariya, Nijar aka fara miƙa wa, kuma fuskar Zalika na cikin fim ɗin. Rahmatou Keïta ta same ta tana da shekara hamsin da wani abu, tana zaune da yara huɗu a gida mai ɗaki biyu, ba ruwan famfo ba lantarki. Fim ɗin yana kai da komowa ne tsakanin wannan rayuwa da guntayen tsofaffin finafinanta, ga kuma hira da masu shirya fim na zamaninta. Daga ƙarshe a sanar da kai cewa ta bar ƙasar ta tafi aikatau a ƙasar waje. An nuna shi a bikin finafinai na Cannes a 2005.

Wannan shi ne fim ɗin da ke kan zanin gado. Wanda aka kalla a kan tabarmi daban ne, kuma a kansa nake son in yi magana.

Da farko dariya aka yi, dariya mai daɗi. Da kaboyin Alassane suka bayyana da manyan huluna a kan dawakinmu na gida, yara suka mimmiƙe tsaye, wani cikin samarin fada ya ce, "Kai, ashe kakanninmu ma ƴan gayu ne!" Na ji daɗin wannan dariyar, don ban taɓa ganin an kalli abin da ya shafi shekarun 1960 a unguwarmu ba tare da an sa fuskar darasin tarihi ba. Mu a lakkol abin da aka ba mu na wancan zamani sunayen shugabanni ne da ranakun juyin mulki. Ba wanda ya ce mana samarin Yamai na lokacin sun haukace da finafinan kaboyi har suna raɗa wa kansu sunayen taurarinsu, yadda ƙannenmu yanzu suke kiran kansu da sunayen ƴan ƙwallo. Shi kansa Oumarou Ganda, a fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un Noir, da sunan wani tauraron Amurka ya fito, Edward G. Robinson. A wannan ɓangare aikin Rahmatou Keïta ya yi kyau ƙwarai. Ta mayar mana da kakanninmu samari, masu son kwalliya da rawar kai, kuma ta yi hakan ba tare da ta tsaya yi mana bayani ba.

Sai aka fara nuna Zalika a sauran matsayin da ta hau: mace mai zaman kanta, matar aure mai cin amana, kishiya mai mugun nufi. Dariyar ta ragu. Daga ɓangaren mata na fara jin tsaki ƙasa-ƙasa. Da kamara ta komo kanta tana hidimar gidanta a cikin rashi, sai na ji muryar Gwaggo daga bayana, ba da ƙarfi ba amma daidai yadda wadda ake nufi za ta ji: "To, kin gani ko, ɗiyata? Mi na ce miki?"

Ban waiwaya ba. Na san ƙanwata na zaune kusa da ita.

Da aka gama muka buɗe fili kowa ya faɗi ra'ayinsa, ana yi ana cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci kamar yadda muka saba. Nan taron ya rabu biyu, kuma rabuwar ta yi tsabta har ta ba ni tsoro. Manya, musamman mata, suka ce ai ƙarshen abin ke nan. Duk ɗiyar da ta fita daga ɗakinta ta shiga wanga harka, in ƙuruciya ta wuce haka za ta ƙare, Allah dai ya jiƙanta ya yafe mata. Mu kuma ɗalibai muka taso da zafinmu. Wani kamarad ya miƙe ya yi jawabi na kusan minti goma a kan ƙasar da ba ta san darajar ƴaƴanta ba, da hukumomin da sai mutum ya mutu suke sa wa gini sunansa. Aka tafa masa. Wata ƴar ƙungiyarmu ta yi hawaye na gaske, ta ce abin kunya ne a ce uwa kamar wannan ta je wanke-wanke a gidan wasu. Ni ma na tafa, ni ma idona ya kawo ruwa.

Sai da na kwanta na gane cewa mu da Gwaggo abu ɗaya muka kalla. Ita ta ga talaucin Zalika ta ce sakayya ce, mu muka ga talaucin muka ce zalunci ne, amma dukanmu talaucin muka tsaya a kansa. Awa guda da ƴan mintoci ana nuna mana mace tana aikinta, tana canza fuska daga wannan mutum zuwa wancan, amma a cikin duk masu magana ba wanda ya ce ta iya ko ba ta iya ba. Da a ce fim ne a kan tsohon ɗan kokowa da ya tsiyace, wallahi da an raba dare ana gardamar kayen da ya yi a Tawa ko a Maraɗi, da irin kamunsa, kafin a zo kan maganar aljihunsa. Ita kuwa ba a ba ta wannan ba.

Mutum ɗaya ne ya yi maganar aikinta, kuma ba cikinmu masu karatu yake ba. Wani dattijo ne maƙwabcinmu, tsohon direba, wanda ya zauna can gefe kan kujerarsa bai ce uffan ba sai da ake naɗe tabarmi. Ya ce shi ya kalli Le Wazzou polygame a gidan silima yana saurayi. Ya ba mu labarin yadda yake: Alhaji ya dawo daga Makka zai ƙara ta uku da yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, matarsa ta biyu ta ƙudurta kashe amaryar, a daren biki ta yi kuskure ta kashe wata cikin ƙawayen amarya. Ya ce da aka fito daga silima ranar, da ya ga Zalika a hanya da ba zai amsa gaisuwarta ba, don haushinta da ya ji. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, sai da na tsufa na gane. In mutum ya sa ka tsane shi alhali bai yi maka komi ba, ai gwani ne."

Wannan ita ce sharhin fim mafi kyau da na ji a daren, kuma ita ce ainihin masifar Zalika. Gwanintarta ce ta ja mata. Da ta yi wasan sama-sama, da ba wanda zai ɗauke ta kishiya mai kisa ko karuwa ta gaske. Mutanen zamaninta suka kasa raba ta da matan da ta hau, suka bi ta da zagi da ƙyama. Mu kuma, bayan shekara hamsin, muka ba ta sabon matsayi, na tsohuwa abar tausayi, muka kasa raba ta da shi. Ban ce zagi da tausayi ɗaya ba ne. Wanda aka zaga ya san bambanci. Amma a duka biyun ita ma'aikaciyar, wadda ta san inda za ta ajiye idonta in kamara ta matso, ba ta samu wanda ya dube ta ba.

Shin laifin ƴan kallo ne kaɗai? A ganina fim ɗin yana da nasa kaso, kuma ina faɗin haka da girmamawa, don ba don Rahmatou Keïta ba da yawancinmu ba mu san sunan Zalika ba sam. Ƙarfin fim ɗin a haɗin hotunansa yake: ga budurwa da hular kaboyi, ga dattijuwa a gidan da ba famfo, ga jiya, ga yau. Wanda ya kalli wannan a Cannes zai karanta shi a matsayin tuhuma: ku dubi yadda aka yi watsi da ita. Amma mu da wane ido muka taso? Tatsuniyoyinmu, da wa'azin da muke ji, da rabin finafinan Kano da muke saye a kati, duk tsari guda suke bi in an zo kan mace mai rawar kai: ta yi sharafinta, duniya ta juya mata baya, ta yi nadama. Ka nuna wa mai wannan ido budurwa tana taƙama, ka bi shi da hotonta a cikin rashi, ba ka buƙatar ka ce masa komai, shi zai ƙarasa maka da "Allah ya sa mu gama lafiya". Ko sunan fim ɗin ya taimaka: Al'lèèssi na nufin ƙaddara. Mai fim na nufin rabon da ya faɗo wa mace ɗaya da silimar ƙasa gaba ɗaya. Gwaggo ta ji kalmar ta gyaɗa kai, don a wajenta ƙaddarar da ke bin irin wannan hanya sananniya ce.

Na so a ce fim ɗin ya daɗe a kan hannun aikinta fiye da yadda ya yi. A bar mana fage guda ya tafi da tsawonsa, a sa ta zauna ta kalle shi, ta faɗa mana me ta yi a nan, don me ta yi shiru a can. Guntayen da aka tsinko suna da daɗi, amma gajeru ne, suna wucewa kamar hotunan albam, kuma hoton albam kewar da yake tayarwa ta fi nazari yawa.

Game da jawabin kamarad ɗinmu kuwa, gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiya ce mai sauƙin faɗi. "Gwamnati ta yi watsi da ita" magana ce da ke sa kowa ya tafa ya koma gida da zuciya fara. Tambayar da ba mu yi ba ita ce: kuɗin fim ɗin ina suka tafi tun farko? A shekarun da Zalika ke tashe, gidajen silima da rarraba finafinai a ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa suna hannun kamfanoni biyu ne na Faransawa, COMACICO da SECMA, kuma abin da ke kawo musu riba shi ne finafinan Amurka da Indiya da Faransa. Saboda irin wannan riƙo ne ma Haute-Volta, Burkina ta yau, ta ƙwace gidajen silimarta a 1970. Fim ɗin ɗan ƙasa zai iya ciyo kyauta a waje ya dawo gida bai samu allon da zai mayar da kuɗinsa ba. Wanda ya shirya fim bai samu ba, me zai ba ƴar wasa? Sannan Oumarou Ganda, wanda ya fi kowa sa ta a aiki, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekara 45. A daidai lokacin farashin uraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya tsuke, aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Bidiyo ta shigo gidaje, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, gidajen silimar Yamai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sana'a ce sukutum ta rushe da mutanenta a ciki, maza da mata. Bambancin shi ne mazan da suka tsiyace an ce musu ba su yi sa'a ba, ita kuwa an ce alhaki ne. Yau muna da Centre Culturel Oumarou Ganda, FESPACO na ba da kyauta da sunansa, kuma ya cancanta. Ita fa?

Kada kuma mu ɗauka labarin da ne. Duk wanda ke bin finafinan Hausa ya tuna 2016, lokacin da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙa da ClassiQ. Ya kuma tuna farkon 2022, da Ladin Cima ta yi hira da BBC Hausa a shirin Daga Bakin Mai Ita, ta ce akwai aikin da ake sallamarta da naira dubu biyu zuwa dubu biyar bayan shekarun da ta kwashe tana fitowa a matsayin uwa. Ku tuna abin da ya biyo baya: wasu na tausayi suna neman a tara mata kuɗi, wasu na cewa ai ga ƙarshen ƴan fim nan, masu shirya fim na kare kansu. Makonni ana cece-kuce. Mutum nawa kuka ji ya zauna ya ce bari mu duba yadda matar nan take wasan uwa, me ya sa in ta yi faɗa a fim sai ka ji kamar a gidanku ne? Tsakar gidanmu ce dai aka faɗaɗa ta zama waya.

Abin da ya fi damuna shi ne mu, masu kiran kanmu marubuta. Mun iya fushi, mun iya tausayi, an koya mana sunayen duk azzaluman tarihi. Kallo ne ba mu iya ba. A cikin mu goma sha biyu, na tambaya washegari, ba wanda ya taɓa kallon fim ɗin Oumarou Ganda ko guda daga farko har ƙarshe, har da ni mai kawo shawara. Muna kuka a kan an manta da Zalika alhali mu ma labarin wahalarta kawai muka sani. In da ita ce zaune a gefen tabarmar nan, ban sani ba ko za ta fi son hawayenmu ko maganar tsohon direba. Ina da zato dai.

Ƙanwata ba ta ce komai ba a daren. Kwana biyu tana gaishe ni sama-sama. Rana ta uku ina wanki ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Yaya, kai da ka ce za ka taimake ni." Na ce mata na yi kuskuren lissafi. Ta ce ba wannan ba, ita abin da take son sani shi ne a ina za ta samu fim ɗin kishiyar nan cikakke, don akwai wani kallo da matar ta yi a guntun da aka nuna, ta gwada shi a madubi ya fi sau ashirin bai fito ba.

Har yanzu ba a yanke maganar wasanta a gida ba. Mun dai tsayar a ƙungiya cewa nuni na gaba Le Wazzou polygame ne, shi kaɗai, ba jawabi kafinsa, in mun samu kwafi mai kyau. Duk wanda ya san inda za a samu ya yi wa ɗaya daga cikinmu magana. Na faɗa wa Gwaggo ina jiran faɗa. Ta ci gaba da tsinke zogalenta, ta ce a ajiye mata kujera a gaba wannan karon, don ta ga da idonta yadda kishiya za ta yi kuskuren ɗaki a daren biki.